Tsofaffin Sulalla a Birnin Zariya: Yadda Ake Tsabtace Su da Adana Su

Yawancin tsofaffin sulallan da ke gidajen Birnin Zariya a gindin adaka suke kwance, ko cikin kwallar tsohuwa, ko a ƙulle a bakin tsumma tare da layu da tsofaffin takardun haraji, sai ranar rabon gado a ci karo da su. Kaɗan ne ke fitowa daga ƙasa, idan damina ta kayar da katangar tsohon soro a Kwarbai ko Limancin Kona, ko masu haƙar harsashin gini suka fasa wata tukunya da aka binne. Ko ta ina suka fito, wanda ya same su toka da lemon tsami yake fara nema don ya ga sun yi haske. A wannan wankin na farko ne mafi yawansu ke rasa darajarsu a idon masu tara kayan tarihi, kuma ɓarna ce da ba ta gyaruwa, domin abin da aka kankare daga jikin ƙarfe ba ya komawa.

Kafin a kai sule kusa da ruwa, sai an san da wane ƙarfe aka yi shi, saboda abin da azurfa za ta jure yana iya cinye tagulla. Sanin ƙarfen kuwa yana tafiya ne da sanin zamanin da kuɗin ya shigo gari.

Masarautun ƙasar Hausa ba su buga sulallan kansu ba. A ƙarni na 19 da wuri ake ciniki a kasuwar Zariya, kamar yadda ake yi a Kano da Katsina da Sakkwato. Babban ciniki kuwa, irin na doki ko na fatake masu doguwar tafiya, akan haɗa da liyari, wato dalar azurfa ta ƙasar Ostiriya mai hoton Sarauniya Mariya Tereza, wadda Larabawa ke kawowa ta hamada. Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth, da ya iso Kano a 1851, ya tarar ana canjin dala ɗaya a kan wuri 2,500. Liyari na da nauyin giram 28, kashi 83 cikin ɗari azurfa ne, sauran jan ƙarfe. A fuska ɗaya sarauniya ce da mayafi, da wani ɗan ado mai duwatsu a kafaɗarta, a ɗaya fuskar kuma mikiya mai kai biyu. Kusan duk wanda za a gani yana ɗauke da shekarar 1780, shekarar da sarauniyar ta rasu, amma wannan ba ya nuna shekarun sulen. An ci gaba da buga shi da wannan shekara a Biyana, daga baya ma a Roma da Landan da Faris da Bombai da Bamingam, kuma har yau ana bugawa. Wanda ya ga 1780 ya ɗauka ya tsinci abin da ya haura shekara ɗari biyu, wataƙila na zamanin kakansa ne kawai.

Turawan Ingila sun mamaye Zariya a 1902, aka naɗa Sarki Aliyu ɗan Sidi a 1903, kuma a zamaninsa ne kuɗin ƙarfe ya kori wuri. A 1904 aka hana shigo da wuri daga waje. A 1907 aka fito da kwabo da anini masu huji a tsakiya, da tauraro mai tsini shida a baya, da rubutun Larabci da ke faɗin darajar kowane. Jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, masu sayen auduga suna biya da tsaba, haraji da jangali ma aka koma karɓarsu da tsaba, to dole kowa ya koyi lissafin anini goma kwabo, kwabo uku taro, kwabo shida sisi, sha biyu sule, sule biyu fataka ko dala. Ɗari, wato sisin kwabo, a 1911 ya shigo.

A nan ne mai tara sulalla ke bukatar nutsuwa, domin suna ɗaya ne amma ƙarfen ya yi ta canzawa. Aninin farko na 1907 da alminiyam aka yi shi, yana cikin kuɗaɗen farko a duniya da aka yi da wannan ƙarfe, sai dai bai jure yanayin Afirka ta Yamma ba, ya riƙa cin kansa, a 1908 aka koma haɗin jan ƙarfe da nikel mai launin fari. Da wannan haɗin aka ci gaba da buga anini da ɗari da kwabo har 1952, lokacin da aka mayar da su jar tagulla. Hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1912, ta fito da taro da sisi da sule da fataka na azurfa a 1913, sule da fataka da hoton bishiyar kwakwar manja. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya azurfa ta yi tsada, a 1920 aka rage ta, sannan aka daina gaba ɗaya aka koma farar tagulla mai ruwan ɗorawa. Masu buga jabu suka samu sauƙin kwaikwayon wannan, shi ya sa a 1938 aka sake haɗin ƙarfen, aka kuma yi wa sule da fataka wani kwari a gefe mai wuyar kwaikwayo. Da Babban Bankin Najeriya ya fara aiki a 1959 ya fito da nasa: kwabo da ɗari na tagulla masu huji, taro mai kusurwa sha biyu da hoton auduga, sisi da koko, sule da ganyen kwakwa, dala da gyaɗa. Naira da kwabo suka maye gurbinsu ranar 1 ga Janairun 1973. Ban da waɗannan, akan samu dalar azurfa ta Faransa da ta biyo fatake daga Nijar, da riyal na Saudiyya da kuɗaɗen Sudan da Masar da alhazan da suka tafi ta ƙasa suka dawo da su.

Gaskiyar magana, galibin kwabo mai huji ba shi da tsada. An buga shi da yawan gaske, har ma da aka daina karɓarsa kafintoci suka riƙa sa shi a ƙarƙashin kan ƙusa wajen rufin kwano. Abin da ke bambanta mai tsada da na gama-gari shi ne shekara, da ɗan harafin da ke nuna masana'antar da ta buga shi, da kuma lafiyar fuskarsa. Harafin H na kamfanin Heaton ne a Bamingam, KN na King's Norton, SA na Firitoriya a Afirka ta Kudu. Ƙanana ne ainun, sai da madubin ƙara girma ake ganinsu sosai, kuma su ne farkon abin da yashi ke shafewa. Akwai kuma na 1936 masu ɗauke da sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga sarauta kafin shekarar ta ƙare. A Ingila ba a kai ga sakin kuɗi da sunansa ba, amma kwabo da ɗari da anini na Afirka ta Yamma sun fita, don haka akan same su a nan.

Abubuwa uku ne ke hawa jikin tsohon sule, kuma duk aikin tsabtacewa ya dogara ne a kan rarrabe su. Akwai dauɗa: ƙasa, maiƙon hannu, ƙura, hayaƙi. Wannan baƙuwa ce, tana zaune ne a bisa ƙarfen, ana iya fitar da ita. Akwai launin tsufa, wanda masana ke kira fatina: duhun da azurfa ke yi, daga ruwan zuma zuwa shuɗi-shuɗi zuwa baƙi, ko ruwan ƙasa mai santsi da tagulla ke ɗauka, wani lokacin kore mai tauri idan ta daɗe a binne. Wannan ba dauɗa ba ce. Saman ƙarfen ne kansa ya haɗu da iska ya rikiɗe, ya zama rufin da ke kare abin da ke ƙasa. Rubutu da zanen da ke kan sulen sau da yawa a cikin wannan rufin suke, idan aka ɗaye shi sai a ɗaye har da su. Na uku ita ce tsatsa mai rai, wadda ke ci gaba da cin ƙarfen. Ana cire dauɗa, ana barin launin tsufa, ana yaƙar tsatsa mai rai.

Hanyoyin da aka saba a gida duk an tsara su ne don sa tasa da tire su yi ƙyalli, kuma a wannan aikin ba su da laifi. Toka da yashi da soson ƙarfe da man goge baki suna aiki ne ta hanyar kankara. Idan aka ɗora sulen da aka goge da su a ƙarƙashin madubi, za a ga dubban ƙananan layuka sun ratsa fuskarsa ta ko'ina, haskensa kuma ya zama na ƙarfen da aka wasa, ya rasa irin sheƙin da injin bugawa ke bari. Lemon tsami da tsamiya da ruwan kal da lemon kwalba suna aiki da tsaminsu ne, suna narkar da saman ƙarfen. Kwabon tagulla da ya kwana a ruwan tsamiya yana fitowa jajir kamar an feɗe shi, da ƙananan ramuka, kuma cikin 'yan makonni zai sake yin duhu, wannan karon dabbare-dabbare. Man goge ƙarfe irin Brasso ya haɗa kankara da sinadarin da ke narkar da saman ƙarfen. Maƙeran fari kuwa, idan aka kai musu, sukan gasa abu a wuta su tsoma a ruwan tsami don azurfa ta yi fari tas. Ga awarwaro daidai ne, ga liyari kuwa an yi garin neman gira an rasa ido. Ƙwararren dillali kallo ɗaya zai yi ya gane sulen da aka goge, farashinsa kuma ya faɗi warwas. Tun a da ma, fatake kan duba duwatsun adon da ke kafaɗar sarauniya a jikin liyari kafin su karɓa, idan sun shafe sai su ƙi shi ko su rage masa daraja.

Saboda haka sulen da ya fito daga adaka, rubutunsa na karantuwa, ba shi da ƙasa ko koren gari a jiki, ba ya bukatar komai. A bar shi yadda yake.

Wanda ke da dauɗa ta gaske, ruwa ne maganinsa na farko, amma ba kowane ruwa ba. Ruwan famfo da na leda akwai sinadarin kulorin a ciki, na rijiya da na burtsatse kuma akwai gishirin ƙasa, dukansu suna barin abin da zai tayar da tsatsa daga baya. Ruwan da ake so shi ne wanda aka dafa aka tara tururinsa, irin wanda masu cajin batir ke ƙara wa batirin mota. A tabbata shi ne zalla, domin a shago ɗaya ake sayar da shi da ruwan asid, kuma kamanninsu ɗaya a ido. A zuba a kofin gilashi ko na tangaran, sule ɗaya a kofi ɗaya, kada a haɗa azurfa da tagulla wuri guda. A bar shi ya jiƙa kwana ɗaya ko biyu, a canza ruwa, a sake bari. Jar ƙasar Zariya idan ta kama ƙarfe tana da naci, wani sulen sai ya yi makonni ana canza masa ruwa kafin ta saki. Idan ta yi laushi, a ɗauki tsinken sakace na itace, a jiƙa bakinsa, a riƙa tura ƙasar a hankali daga tsakanin haruffa da cikin hujin, sulen yana kan tsumma mai taushi, haske na zuwa daga gefe don a ga tudu da kwari. Tsinken zai lanƙwashe kafin ya ji wa ƙarfen rauni, amfaninsa ke nan. Allura da reza da bakin wuƙa ba su da wurin zama a wannan aiki. Buroshin haƙori mai laushi, irin na yara, ana iya amfani da shi a kan sulen da ya riga ya sha hannu, a cikin ruwa, ba a busasshe ba. Wanda fuskarsa ke da sauran sheƙin sabunta, ko buroshin ma kada ya taɓa shi.

Maiƙo da danƙon salatif da ragowar fenti ba sa jin ruwa. Maganinsu asiton ne, wanda ake samu wajen masu sayar da kayan ɗakin gwaje-gwaje. Ba ya taɓa ƙarfe, maiƙon kawai yake narkarwa, 'yan mintoci sun isa. Sai dai yana kama wuta nan take, don haka a yi aikin a tsakar gida nesa da murhu da fitila, a cikin gilashi, domin yana narkar da roba. Wanda mata ke goge jan farce da shi an gauraya shi da mai da turare, bai dace ba. Wasu masu tara kuɗaɗen Rumawa a Turai suna jiƙa tagulla a man zaitun na tsawon watanni. Yana sassauta ƙasa, amma yana da ɗan tsami, yana baƙanta sulen, yana kuma shiga ramuka ya ƙi fita. Ruwa ya fi shi aminci.

Bayan wanki sai shanya, kuma a nan ma akan yi kuskure. Ba a murza sule da tsumma. A ɗora shi a kan tsumman auduga mai tsabta, a danna wani a bisa ya tsotse ruwan, a juya, sannan a bar shi ya sha iska a inuwa inda ƙura ba ta kaiwa, har ya bushe ƙarau. Tsoma shi a asiton a ƙarshe yana korar ɗan ruwan da ya maƙale a ramuka.

Babbar abokiyar gabar tagulla ita ce wadda masana ke kira cutar tagulla. Alamarta gari ne kore mai haske, mai laushi, yana tsirowa a wuri ɗaya kamar an barbaɗa, idan aka taɓa da tsinke sai ya zube, a ƙarƙashinsa kuma a ga rami. Ya bambanta da koren tsufa, wanda ke da tauri da santsi kuma ba ya motsi. Asalinta gishiri ne. Gishirin ƙasa ko na gumin hannu yana haɗuwa da jan ƙarfe ya kwanta a ciki shiru, da ya samu laima da iska sai ya haifar da asid, asid ɗin ya ci sabon ƙarfe, ya sake haifar da irin gishirin, haka za a yi ta zagayawa har sulen ya zama gari. Yanayin Zariya ya dace da ita: da hunturu iska a bushe take, cutar ta kwanta, mai sulalla ya ɗauka ta warke, da ruwan Yuli da Agusta ya kankama, ɗakunan ƙasa suka ɗauki sanyi, sai ta farka. Sulen da ya kamu a ware shi daga sauran nan da nan, a cire garin da tsinke, a jiƙa shi a tataccen ruwa ana canzawa. A gidajen tarihi ana jiƙa irinsa makonni a ruwan wani sinadari, sodiyam seskwikabonet, kimanin kashi biyar cikin ɗari, don ya zuƙe gishirin, sannan a bi da wani mai suna benzotirayazol da ke rufe ƙarfen. Abin lura, wannan sinadari na farko shi ne mafi yawan abin da ke cikin kanwa. Amma kanwar kasuwa tana tafe da gishiri da yashi a jikinta, wato da ainihin abin da ke kawo cutar, don haka ba ta maye gurbinsa. Ga aninin alminiyam kuwa kanwa guba ce, cinye shi take yi. Shi wannan aninin ko ruwa ba a daɗe da shi a ciki, farin garin da ke fito masa a share da busasshen buroshi mai laushi a ajiye shi wuri busasshe. Sule mai daraja da cutar ta kama sosai, gara a nemi shawarar masu aikin adana kayan tarihi, irin na sashen nazarin kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru ko gidan tarihi na ƙasa da ke Kaduna.

Azurfa ba ta da wannan matsala sosai. Baƙin da take yi daga farar wuta ne da ke yawo a iska, ba ya cin ta da zurfi, masu tarawa da dama ma sun fi son ta da duhunta. Idan aka ga kore a jikin liyari ko sulen 1920, jan ƙarfen da aka gauraya ne ya fito. Liyarin da aka huda ko aka liƙa wa kunne don ado, irin wanda matan Fulani ke sawa a gashi ko ake jerawa a kayan doki, a bar masa kunnensa. Cire shi da wuta zai ƙara ɓata sulen, kuma kunnen ma shaida ce ta yadda aka yi amfani da shi. Don gane na gaske daga jabu, sikelin masu sayar da gwal ya wadatar: giram 28 ko ƙasa da haka kaɗan saboda cin hannu. Maganaɗisu ba ya kama azurfa, kuma na gaske yana da rubutu mai tudu a kewayen gefensa. Gogawa a dutse ko ɗiga asid, kamar yadda ake gwada sarƙa, tabo ne na har abada.

Wuri ma yana cikin abin da ake tarawa, kuma shi ba ƙarfe ba ne, ƙwanson dabbar teku ne, dangin alli. Duk abu mai tsami narkar da shi yake yi. Ruwa da buroshi mai laushi kawai yake bukata. Wanda aka samu a zare a bar shi a zarensa, domin yadda aka jera shi yana iya nuna yadda ake ƙirga.

Adanawa ta fi wanki muhimmanci, ita ce kuma aka fi sakaci da ita. Sulalla da yawa a gwangwani ɗaya suna gugar juna duk lokacin da aka ɗaga shi. Kowane sule yana son gidansa: ƙaramar ambulan ta takarda marar asid, ko 'yar ƙwaryar roba mai tauri da aka yi don wannan aiki. Roba mai laushi, irin ta jakar katin shaida da tsofaffin kundayen hotuna, tana tsattsafo da wani maiƙo idan ta sha zafi, ya zama kore mai danƙo a jikin sulen yana cin sa, zafin Maris da Afrilu a Zariya kuwa ya ishe ta. Jakar fata, duk kyan aikin dukawa, ba wurin ajiyar tagulla ba ce, saboda jima da man da ke jikin fatar suna sa ta yin kore. Robar ɗaure kuɗi, ulu, jarida da kwali suna fitar da farar wuta, suna baƙanta azurfa. Haka ma hayaƙin icce da na turaren wuta, da kusantar albasa ko ƙwai, don haka madafa da ɗakin da ake turara kaya ba su dace ba. Sabon akwatin katako mai warin fenti ko gam shi ma yana fitar da tururi mai tsami da ke taɓa ƙarfe da wuri baki ɗaya.

Abin da ya fi sauƙi shi ne akwatin ƙarfe ko na roba mai tauri da murfinsa ke rufuwa gam, a ɗora a kan kanta, nesa da ƙasa da jikin bango, musamman a ginin ƙasa. A ciki a sa 'yan ƙunshin nan na ƙwayoyin silika da ke zuwa a kwalin takalmi ko na magani, masu tsotse laima. Idan laimar cikin akwati ta yi ƙasa da kimanin kashi 40 cikin ɗari, cutar tagulla ba ta motsi. Wasu sukan shafa wa tagullar da aka gama yi wa magani ɗan kaki na musamman, irin Renaissance Wax da aka haɗa a ɗakin binciken gidan tarihin Birtaniya a shekarun 1950. Ba a shafa shi sai an tabbata sulen ya bushe kuma cutar ta mutu, in ba haka ba an rufe ta ne a ciki. Man gyaɗa, man kaɗe da basilin suna kama ƙura ne kawai.

Wajen ɗauka, da gefe ake riƙe sule, tsakanin babban yatsa da manuni, da wankakken hannu busasshe. Zanen yatsa a fuskar tagulla yana iya zama tabon da ba ya fita. A duba shi a bisa tsumma ko darduma, don idan ya suɓuce kada ya sari siminti. Da hunturu a kiyayi share masa ƙura da bakin riga, domin ƙurar akwai ƙananan ƙwayoyin yashi a cikinta, gara a kaɗe da buroshi mai laushi.

A jikin kowace ambulan a rubuta da fensir abin da aka sani: sunan kuɗin, shekara, harafin masana'anta, nauyi, da inda aka samo shi. Kwabon 1920 shi kaɗai abu ne na gama-gari, amma wanda aka san daga adakar wane gida ya fito a Unguwar Juma, tare da waɗanne takardu, ya zama shaidar tarihin gidan. Tukunyar da aka tono cike da wuri ko sulalla ta fi wannan nauyi. Kada a rarraba ta ko a wanke abin ciki, a ɗauki hotonta a inda take, domin sule mafi sabunta a ciki shi ke nuna cewa ba a binne ta kafin shekararsa ba, haɗuwar kuɗaɗen kuma tana nuna abin da ke yawo a kasuwa a lokacin. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa ta ɗora wa wanda ya ci karo da kayan tarihi a ƙasa alhakin sanar da hukuma, ta kuma hana fitar da su waje ba tare da izini ba. Mai son ganin cikakken jerin kuɗaɗen ƙasar nan don gwadawa da nasa zai same shi a gidan tarihin kuɗi na Babban Banki a Abuja.

Akwatin kuma ba a rufe shi a manta. A buɗe a duba kafin faɗuwar damina, a tsakiyar Agusta, da kuma bayan ɗaukewar ruwa a Oktoba, ana neman sabon koren gari ko danshi a jikin takarda. Ƙwayoyin silika suna ƙoshi da ruwa su daina aiki. Masu launi sukan nuna hakan da kansu, shuɗi ya koma ruwan hoda, ruwan lemo ya koma kore. A juye su a busasshen kasko a ɗumama a wuta marar ƙarfi har launin ya dawo, a bari su huce a rufaffiyar kwalba, sannan a mayar da su cikin akwatin.